Ragowar Wiskin Baba

Wata Juma'a ce a watan Janairu, shekarar da nake aji huɗu na firamare. Mun dawo daga coci, don can Juma'a ce ranar hutu da ibada, yatsuna sun ƙage, iskar teku tana kutsowa ta ƙarƙashin ƙofar gidanmu a Al-Sadd. Duk wanda ya ce maka ba a sanyi a Doha bai taɓa taka tayil ba takalmi a watan nan ba. Baba ko rigar coci bai cire ba ya wuce kicin, ya ce, "Rahila, yalla, maza kawo citta."

Gyaran na'urar sanyaya ɗaki shi ne aikin Baba, don haka da zafi ba ma ganinsa, sai sanyi ya shigo yake zama namu. Ni ke kankare citta da bakin cokali, in daka ta da kanumfari a ɗan turmin da Mama ta taho da shi daga Pankshin. Shi kuma ya ɗora ruwa, ya zuba, ya bar shi ya tafasa har ƙamshin ya sauka matakala inda yara ke ƙwallo da gwangwani. Sai ya sauke ya tsaya jira. Jiran nan ne ba na so, har gobe. "Zuma da wiski ba sa son wuta," in ji shi. In ruwan ya ɗan huce ya matsa lemun tsami, ya sa zuma, ya raba. Nawa kofin iyakarsa ke nan, haka na Kawu Iddi, direban tasi ɗan Zangon Kumasi da ke zaune ƙasanmu. Musulmi ne, cokalinsa ma daban Baba ke ajiye masa. Kofin Baba kaɗai ake tsiyaya wa wiski, cikin murfin kwalba, ba ƙari.

Kafin ya kurɓa sai ya ɗebi cokali guda ya zuba a ƙasa, rabon mahaifinsa da ya rasu. Haka suke yi da burkutu a ƙauyensu. To can ƙasa ce, tana shanyewa. Nan tayil ne. Mama nas ce, a gajiye take kullum, sai ta biyo da tsumma tana mita: "Danladi, tsohon naka a ƙarƙashin tayil yake? Kuma yanzu ka fito daga coci!" Kawu Iddi ya yi ta dariya har ya ƙware.

A sanyin da ya biyo baya kamfanin su Baba ya sallami ma'aikata. Takardar zamansa a hannun kafil take, wato mai kamfanin da ya tsaya masa, aiki na tafiya ita ma ta tafi. Aka tsayar da magana ni da Mama mu zauna saboda aikinta da makarantata, shi ya koma gida har a samo masa wani wurin. Juma'arsa ta ƙarshe ya haɗa komai yadda ya saba, amma bai buɗe kwalbar ba. Ɗan kaɗan ya rage a gindinta. Ya miƙo mini ya ce, "Ajiye mini, uwata. Sanyi na dawowa zan zo in shanye."

Na ɓoye ta bayan buhun shinkafa. Sanyi ya dawo, ya tafi, ya sake dawowa. Kullum maganar ɗaya ce, biza ba ta fito ba. Duk wayar da ya bugo sai ya tambaya ko kwalbarsa na nan, in ce tana nan mana, wa zai sha? Sannan ciwon ƙirji ya kama shi. A waya aka gaya mana. Kafin a ba Mama hutu an riga an binne shi.

Yanzu ina aiki a wani kanti a Al Rayyan. Kawu Iddi ya koma Kumasi, turmin ya tsage, yaran matakala sun watse. Bana da sanyi ya kama na gaji da ganin kwalbar nan. Na daka citta, na tafasa, na jira ya huce, wallahi na jira. Na tsiyaye ragowar duka a kofinsa. Ban tsaya kan cokali ba, na durƙusa na juye masa duka a ƙasa, tunda nasa ne.

Mama ta fito da tsumma a kafaɗa. Ta daɗe tana kallon ruwan yana bin tsagin tayil. Sai ta ɗaga gefen zaninta ta kewaye shi, ta wuce ɗaki.

Da kansa ya bushe, ƙamshin kuwa ya kwana biyu bai bar gidan ba.