Ƙasar Ganuwa a Bangon Ɗakina

Shekarar da na bar aikin gwamnati, zama ya gagare ni. In na zauna a zaure sai in ji kamar ana jirana a wani wuri, in sa takalmi in fita ban san inda za ni ba. Maiɗakina har ta gaji da tambaya.

Ana cikin haka 'yata ta fari, mai karatu a Ingila, ta turo mini hotuna ta waya. Sun je kallon wani tudu mai ciyawa da rami kewaye da shi, wai kufai ne na mutanen dā. Ga jama'a sun taru suna ta dubawa. Da ta kira na yi mata dariya, na ce, "Wannan ai ganuwarmu ta fi shi tsayi."

Ta ce, "To Baba, yaushe rabonka da ka je ka dube ta?"

A Ƙofar Jatau aka haife ni, kullum ina wuce ganuwar nan, amma ban taɓa tsayawa don ita ba.

Washegari da hantsi na faro daga Ƙofar Doka, ina bin gindinta da ƙafa. Wani wurin tana nan tsaye, ta ninka tsayina. Wani wurin ta zama juji, awaki na kiwo a kai. Gaba kaɗan sai ta ɓace ɗungurungum, sai gidaje da shagon walda. Raina ya dinga ɓaci, ina ta ƙara sauri kamar za a ƙarasa cinye ta kafin in kai.

A wata inuwa na tarar da wani tsohon magini, aminin mahaifina marigayi. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da ya fito da ni. Ya miƙo hannu na tashe shi, ya ja ni zuwa inda ruwa ya zaftare gefen ganuwar.

"Duba nan," in ji shi. "Ƙasar ƙasa ja ce, ta sama ta fi duhu. Ba hannu ɗaya ya yi ta ba. Wasu sun gina, jikokinsu suka ɗora."

Ya sa farce ya zaro wani tsingaro, guntun tsohuwar tukunya mai zanen igiya a wuya. Ya kuma nuna mini shatin babban yatsan wani mutum a jikin wani tubali. Na ɗora nawa a kai, ya zauna daram.

Na ce, "Baba, masu ɗibar ƙasar ganuwar nan ba su da tausayi."

Ya dube ni, ya ce, "Ɗakin da ka yi aure a ciki, ka san inda ƙasarsa ta fito? Ni na ɗebo ta da jakuna, can bayan wancan dabinon. Mahaifinka ne ya sa ni. Ba ƙasar da ta kai ta kama gini."

Ban ƙarasa zagayen ba. Na koma gida na shiga ɗakin, na tsaya ina duban bango inda yaɓe ya ɓantare. Ga tsingaro nan biyu sun leƙo. Shekara talatin ina jingina da su.

Daga ranar kusan kullum sai na je. Wata safiya bayan ruwa mai ƙarfi na iske wani magidanci da diga yana sarar gindin ganuwar, yana cika baro. Na ɗaga murya na ce ya bari, kayan tarihi ne.

Ya aje digar, ya share gumi. "Alhaji, jiya bangon ɗakina ya faɗi. Iyalina suna maƙwabta. Ka nuna mini inda zan samu wata ƙasar, in tafi."

A ƙarshe na roƙe shi ya ɗebi wadda ruwa ya riga ya zubar, ya bar ta tsaye. Ya yarda, don ta ma fi sauƙin ɗiba. Na tattare babbar rigata na riƙe masa baron yana zubawa, muka yi sawu huɗu kafin azahar.