Jirgi Ɗaya, Mutum Uku

Duk wanda ya zauna a Yelwa lokacin da jihar Kebbi ke rarrafe ya san Mamuda Danna-Nan. Ɗan masunta ne, amma shi da ruwa ba sa ga maciji. In ya hau jirgi sai amai, in ya jefa komar birgi sai ya kamo ƙafar kansa. Mahaifinsa, Malam Garba, ya gaji ya ce ya tafi ya nemi sana'ar da ba ta tangaɗi. Sai ya samu kwamfuta.

Tana ofishin ƙungiyar masunta, an lulluɓe ta da zane kamar mai zazzaɓi. Wani ɗan bautar ƙasa ne ya koya masa rubuta furogiram. Da zai tafi ya bar masa faifai ɗaya, laburare na shiryayyun dabaru, ka kira wadda kake so ta yi maka aiki. A ciki akwai wadda Mamuda ya fi ƙauna: ma'aji mai makulli ɗaya da abubuwa da yawa a ƙarƙashinsa. Kamar don mutanen tafkin da Yelwa ke bakinsa aka yi ta, domin a nan jirgi ɗaya ba na mutum ɗaya ba ne. Katakon na wani, koma ta wani, inji kuwa sau da yawa na mace ne, mai bandar kifi. Lambar jirgi ita ce makulli, masu shi su jeru a ƙasa, kowa da abin da ya mallaka. Kuma Mamuda akwai ladabi. Babba yake fara shigarwa, sai na ƙasa da shi, mata a ƙarshe, yadda ake gaisuwa a gidan suna.

Shekarar da ƙungiya ta hana dala, komar nan mai ƙananan ido da ke kwashe har 'ya'yan kifi, shugaban kwamiti Alhaji Magaji ya leƙo.

"Danna-Nan, fitar min da masu dala. Kowane jirgi suna ɗaya, ban son tarkace. Wanda ya fito, kayansa za mu ɗauke."

Mamuda ya tace jiragen da ke da dala, ya juye su cikin ma'aji mai ɗaukar suna ɗaya tak a kowane makulli, ya buga, ya miƙa, ya tafi cin ƙosai. Bai karanta ba. Abin da ya manta shi ne, a irin wannan ma'ajin duk sunan da ya shigo yana danne na gabansa. Na ƙarshe kaɗai ke saura.

Washegari ranar kasuwar Warra, inda jirage ke taruwa, can kwamiti za su. Mamuda na cire zanen kwamfuta sai ga ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Asibi, hayaƙin banda na tashi daga jikinta.

"Kai, ɗan nema! Mi na yi maka?"

"Gwaggo, ina kwana?"

"Ban kwana ba! An ce akwatinka ya ce ni ke da dala. Ni da ko ƙugiya ban taɓa jefawa ba! Injina za su kwance yau. Da shi nake ci da marayu."

Ya buɗe abin da ya buga. Larai. Habsatu. Asibi. Daga sama har ƙasa mata ne, ko gemu ɗaya babu. 

"Gwaggo, ladabi ne ya jawo."

"Ladabin uwaka! 'Yan kwamiti na bakin ruwa suna zuba mai."

Janareta ya yi tari, ya mutu. Mamuda ya jijjiga shi, ya karkata tankin don ragowar fetur ya gangaro, ya ja igiya har kafaɗarsa ta amsa. Janareta ya kama. Mamuda ya koma ma'ajin asali. Wannan karon bai tace da lambar jirgi ba. Ya ce a duba mutum da kayansa tare, duk wanda abin hannunsa ba dala ba ne a bar shi. Sannan ya juya ma'ajin, mutum ya zama makulli, jiragensa su biyo baya.

Sunaye suka fito. Na farko: Garba.

Ya daɗe da sanin dalar da ke jirgin Gwaggo ta babansa ce, sai dai sani daban, gani a allo daban. Yatsansa ya sauka kan madannin gogewa. Amma tataccen nan ba kwafi ba ne, taga ce ake leƙa ma'ajin asali. In ya goge Garba a nan, ya goge shi daga ƙungiya gaba ɗaya, da izinin kamun kifinsa da komai. In kuma bai buga ba, injin Gwaggo ya tafi.

"Mi kake kallo haka?" in ji Gwaggo, wadda ba ta karatun boko.

"Ba komi."

Ya ɗauke yatsansa daga madannin gogewa, ya danna na bugawa. Firinta ta fara ƙugi, layi bayan layi, fitilar ofis na lumshewa. Ya fizge takardar, ya zuba a guje ba takalmi. Ya tarar har an kwance igiyar jirgin kwamiti.

"Alhaji! Ta jiya kuskure ce, ga ta gaskiya!"

Alhaji Magaji ya karɓa, ya sa tabarau, ya karanta, ya ɗago.

"Ka ga na farko kuwa?"

"Ni na buga shi, ranka ya daɗe."

Alhaji ya ninke tsohuwar, ya cusa a aljihu, ya ce wa direba a tafi.

Injin Gwaggo ya kwana a jirginta. Malam Garba kuwa ya dawo da yamma babu komarsa. Ya wuce Mamuda a zaure bai dube shi ba, ya tsaya a tsakar gida yana wanke ƙafa.

"A ba shi tuwo," ya ce wa Inna, mahaifiyar Mamuda. "Amma ba a kwanona ba."