Giyar da Ta Gina Cocinmu

Duk wanda ya ce muku Fada ne ya gina cocin garinmu, ku ce ni na ce bai san zancen ba. Fada ya kawo kwanon rufi da ƙusa, ban musa ba. Amma tubali mutanenmu suka yi, kuma giyar mahaifiyata ce ta tara su.

Mu Maguzawa ne na wajen Kafur. Kakana, da aka haifa tun Turawa ba su zo ba, har ya mutu yana yi wa iskoki yanka a gindin tsamiya. Ubana ne ya bi Fada, wani Bature limamin coci mai zuwa daga Malumfashi a babur. Da rumfar kara ta yi mana kaɗan sai aka ce a yi gini. To a wurinmu babban aiki sai da gayya, gayya kuwa ba ta taruwa sai da giya. Inna ta buɗe rumbunmu ta jiƙa dawa, ta tsira, ta niƙa, ta yi ta fama da wuta har idanunta suka yi ja. Har waɗanda ba su bar tsafi ba sun zo sun taka ƙasa saboda tukunyarta. Fada ya gani da idonsa, ya karɓi ƙoƙo ya kurɓa, ya yi dariya. Da aka rufa, Inna ce ta ja matan gari aka yi daɓe, aka yayyafa makuba.

Shekaru suka tafi, coci ya cika, aka ba mu Fada namu na kanmu, matashi, ba ɗan ƙasarmu ba. Aka kafa kwamitin dattawa. Wata Lahadi sai ga sanarwa: duk macen da ke dafa giya ba za ta ƙara karɓar tarayya ba, wato Jikin Yesu da ake ba mu a Mas, babbar addu'armu ta coci. Mai dafawa aka ce. Mai sha, ko ambatonsa ba a yi ba.

Lokacin ubana ya rasu, da giyar nan Inna ta raine mu. Sai ta zama kowace Lahadi tana zaune, tana janye ƙafa mutane na wucewa layi. A layin kuwa har da mazan da suka yini a tsakar gidanmu ranar Asabar. Ni raina ɓaci yake, ita kuwa sai ta ce in yi shiru, ɗakin Allah ne.

Da ƙafafunta suka fara kumbura ta kira ni ta ce, "Ba na son in je gaban Allah da yunwa."

Na je wurin Fada. Ba mugu ba ne, sai dai bai san mu ba. Ya ce in kwamiti ya shaida ta daina, shi ke nan. Shugaban kwamitin aminin ubana ne, Baba nake ce masa. Ya ce sai ta fasa tukwane a gabansu. Ta sa aka fito da su tsakar gida, ta ɗauki taɓarya da kyar tana bugu. Babbar, wadda ta gada a wurin uwarta, sai da na kama mata.

Na ɗauka an gama. Baba ya gyara zama ya ce a damina kowa ma mai tuba ne, tunda rumbu ba kowa. A bari kaka ta yi, dawa ta shigo gida, sannan a ga gaskiyarta. Na roƙe shi, na nuna masa ƙafafunta. Ya ce doka ba tasa ba ce.

Dawa ta fara fitar da kai jikinta ya rikice. Na tura a kira Fada, aka tarar yana ƙauyuka, rafi ya kawo. Sai washegari ya iso, mun riga mun yi mata wanka. Ya yi mata Mas mai kyau, kowa ya shiga layi ya karɓa, tana kwance a gaba.

A zaman makoki Baba ya ja ni gefe, ya yi ƙasa da murya.

"'Yata, Kirsimeti na matsowa. Ina fata dai ta koya miki hannun nan nata kafin ta tafi?"

Ta koya mini, sarai ma kuwa. Ban taɓa dafa wa kowa ba, ban kuma sake shiga layin nan ba har yau.