Rarar Yadin da Gwaggo Ke Bari a Cikin Riga

Manajan masu gyaran ɗakuna na babban otal ɗin nan azzalumi ne. Bai yi sata ba, bai taɓa marin kowa ba. Abin da ya yi shi ne ya mai da ciki laifi. Duk macen da ya lura rigarta ta fara ɗagawa a gaba, sai ya nemo mata dalili: ta makara, ta bar gashi a bahon wanka, ta yi wa baƙo kallon banza. Kafin wata ya mutu ta miƙa kayan aiki ta fita ta ƙofar baya. Cewa yake baƙi hutu suka zo yi, ba kallon mace tana nishi tana jan ƙafa ba. Kamfanin da ke da otal ɗin bai rubuta wannan doka ba, amma shekara da shekaru bai tambayi inda matan ke tafiya ba.

Ba don shi aka ɗauki alƙalami ba. Don Gwaggo ne, telar ma'aikata, wadda ta ajiye aiki a ƙarshen watan jiya, ko lemo ba a sha don ita ba.

Ɗakinta a ƙarƙashin ƙasa yake, tsakanin wurin wanki da sito. Babu taga, ga bututun ruwan zafi ya bi ta saman kanta. Kullum takan riga masu aikin safe isowa, ta goge keken ɗinki, ta ɗiga masa mai, ta rataya tef ɗin awo a wuya. Daga nan sai layi: kuku da wandon da ya yage, direba da aljihun da ya zube, mai tsaron ƙofa da maɓallinsa a hannu.

"Kai kuma? Tumbin nan naka ya fi albashinka saurin ƙaruwa," in ji ta.

"Gwaggo, maɓallin ne ba shi da imani."

"Kawo nan, sarkin ci."

Amma aikinta na gaskiya ba a ganinsa daga waje. Duk sabuwar yarinya da aka ɗauka, Gwaggo za ta auna ta, ta ɗinka mata riga daidai jikinta kamar yadda kamfani ke so, sai dai takan bar rarar yadi mai faɗi ta naɗe a cikin ɗinkin gefe. Yaran kan yi ƙorafi wai rigar ta yi nauyi. Sai ta ce, "Bar shi, 'yar nan, ba ya cin abinci." Ranar da ta lura ƙugun wata ya fara cika, ba ta tambaya. Cewa take, "Tuɓe rigar nan, bakinta ya warware." Da safe rigar ta saki, ƙyallen gaba ya rufe sauran. Haka za ta yi ta buɗewa kaɗan-kaɗan har mace ta kai watan da dokar kamfani ta ba ta hutun haihuwa, lokacin da korarta ta fi ƙarfin Manaja.

Ke ce kika san cikin mace tun kafin surukarta ta sani, Gwaggo, kuma ko bango bai taɓa ji daga bakinki ba.

Cikin masu gyaran ɗakuna akwai wadda ake kira Mai Waƙa, don ba ta shimfiɗa zanen gado sai da ɗan amo a hanci. Mijinta na kwance tun da ya faɗo daga kan gini, ita ce cinsu ita ce shansu. Ta sha ɓari, sai wannan karon cikin ya zauna. Gwaggo ta fara buɗe mata riga ke nan Manaja ya farga cewa mata sun daina faɗa masa a hannu, sai dai ya ga sun tafi hutu. Ya sauko ƙarƙashin ƙasa, abin da bai taɓa yi ba, da hankici a hanci.

"Tsohuwa, rigar wa da wa kika buɗe?"

"Ranka ya daɗe, ni riga nake aunawa, ba na leƙa abin da ke cikinta."

"Sunaye nake so."

"Na tsufa. Sunan jikokina ma sai na yi ta lalube."

Bai yi dariya ba. Ya sa aka kwashe rigunan matan kaf aka kai wa telan waje, aka yanke rarar yadin, aka mai da kowace riga awon ranar da aka ɗauki mai ita. Ya kulle keken Gwaggo a sito, ya tura ta ninke tawul a tsaye. Kowace safiya kuma sai matan sun yi layi ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya.

Mai Waƙa ta koma ɗaure cikinta da ƙyalle kafin rigar ta shiga. Gwaggo ta same ta a bayan ƙofar wanki tana numfashi sama-sama.

"Ki tafi gida, 'yata. Wannan ɗaurin ba zai bar ki lafiya ba."

"In tafi mu ci me, Gwaggo? Saura kaɗan fa in kai watan."

Abin da Gwaggo ta iya shi ne, in an tashi cin abincin rana, ta bar nata, ta bi matakalar baya da gwiwoyinta masu ciwo ta hau benen da aka hana ta hawa, ta ɗaga wa yarinyar katifu, ta wanke mata bahon wanka. Masu wanki sun gani, masu shara sun gani, ba wanda ya kai ƙara, ba kuma wanda ya taya.

Ranar da manyan kamfani suka zo zagayen dubawa, Manaja na gabansu yana nuna musu ƙyallin madubi, Mai Waƙa ta yanke jiki ta faɗi gefen keken tura zannuwa. Jini ya ɓata darduma. Abin da ya fara fitowa daga bakin Manaja shi ne, "Ku ja ta ta bayan nan, kada baƙi su gani."

Gwaggo ta fito daga ɗakin da take ɗaga katifa. Ba ta kalli kowa ba. Ta durƙusa, ta zaro almakashi daga aljihu, ta tsaga rigar daga wuya har ƙasa, ta warware ƙyallen, ta rufe yarinyar da zanen gado. Amma wata daga cikin manyan, mace mai furfura, ta riga ta ga shatar ɗaurin a fatar cikin.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni na bar mata wuri a riga, ranki ya daɗe," in ji Gwaggo. "Shi ya yanke."

An kai Mai Waƙa asibiti. Ta rayu, ɗan bai rayu ba. Ta dawo aiki, aikin da ta ɗaure kanta dominsa, sai dai yanzu shiru take shimfiɗa gado. Sunan ne kawai ya rage.

Gwaggo, an ce har yau kina cewa da kin matsa mata ta tafi gida. Ki daina. Ba ke kika yanke yadin ba. Akwai yara a garin nan da ke gudu zuwa makaranta, ba su san wata tsohuwa ce ta buɗa musu wuri tun suna ciki ba. Iyayensu sun sani. A madadinsu, mun gode. Allah Ya saka miki, Ya sassauta miki ciwon gwiwa.

Ku kuma da kuka gani kuka sunkuyar da kai, ku ji kunya. Kowa a wurin aikinsa yana da ɗan abin da ke hannunsa, ko allura ce. Ya yi amfani da shi tun kafin wani ya faɗi.

Shi kuwa Manaja, matan da ya kora sun dawo sun ba da shaida. Kamfani ya sallame shi, ya hana a ɗauke shi a kowane otal nasa. Kwat ɗin da ke jikinsa ta kamfani ce, don haka sai da ya sauka ƙarƙashin ƙasa ya miƙa ta ga Gwaggo, wadda aka mayar wa kekenta. Ta duba maɓallan, ta rataye. Ya fita ta ƙofar baya, gefen kwandunan shara, da 'yar shat a jikinsa.