Ranar da Gwaggo Ta Kashe Talabijin

Shekarar da mahaifinmu ya rasu, Inna ta kwashe mu daga Kamarawa muka koma Isa, gidan yayarsa da muke kira Gwaggo. Ta ba mu ɗaki, ta ba mu ci, amma bakinta ba ya hutawa. Miya ta yi gishiri, yara sun ɓarar da ruwa, gero na saurin ƙarewa. Ɗakin hatsi kullum a kulle, mabuɗin ɗaure a bakin zaninta. Sai Inna ta roƙa kafin ta aza tukunya.

Ɗan Gwaggo da ke aiki a Sabon Birni ya kawo mata talabijin mai aiki da hasken rana. Bayan la'asar matan unguwa kan cika tsakar gida don wani wasan kwaikwayo mai dogon zango. Akwai wata hajiya a ciki da ta mallake gidan ƙanenta bayan mutuwarsa. Gwaggo ta fi kowa tsanarta. Har nuna ta take da yatsa tana cewa, "Allah shi isar wa marayun ga!"

Rannan aka nuna hajiyar ta hana matar ƙanen abinci, tana kaɗa mata mabuɗai a fuska, yara na kuka. Wata maƙwabciya ta saci kallon Gwaggo ta yi murmushi. Gwaggo ta gani. Ta tashi ta kashe talabijin, ta ce kanta ke ciwo. Mata suka watse.

Ni da Inna muna tsintar wake Gwaggo ta zo ta tsaya kanmu, ta dubi Inna.

"Ke, hwaɗa min gaskiya. Haka nike?"

Inna ta aje tiren waken. Sannan ta ce, "Yaya, waccan ƙwace musu gida ta yi. Ke kin buɗe muna ƙofa ranar da ba mu da wurin zuwa. Roƙon geron ne dai ke yi min nauyi."

Gwaggo ta shige ɗaki. Washegari ta kira kafinta ya ɓalle kwaɗon ɗakin hatsin gaba ɗaya.

Faɗa kam ba ta daina ba har ta koma ga Allah. Amma da dangi suka ce in bar makaranta in taya Inna aiki, Gwaggo ce ta tsaya kai da fata sai da na gama. Ni da Inna muka yi jinyarta a ƙarshe, kuma har yau ba na sallame salla ban yi mata addu'a ba.