Tukunyar da Na Rataye a Tafkin Bayan Gida

Maigidana magini ne. Duk shekara yakan tafi Kano cin rani kamar sauran mazan unguwarmu a Matamaye, sai dai shi ba dako yake yi ba, ba ga-ruwa ba. Manyan otel yake wa aiki, yana gina musu irin tafkin simintin nan da baƙi ke iyo a ciki. Wata shekara ya dawo da ɗan abin hannunsa, maimakon ya sayi keke ko rediyo yadda maza ke yi, sai ya haƙa bayan ɗakina, ya daɓe da siminti, ya juyo indararon ɗakunan gidan duka suna zuba a ciki. Zurfinsa ya kai ƙirjin namiji. Mutanen gari suka sha dariya. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya ce sunan abin fisin, sunan kuwa ya bi gidan, ko yaro za a aika sai a ce ya je gidan fisin. Ni dai ban taɓa iyo a ciki ba, ban kuma bar kowa ya yi ba. Ruwan damina muke tarawa, mu rufe da kwanon rufi da zana, mu sha, mu ba awaki, har wata daminar ta zagayo.

Amma ruwan da ke kwance ba ya zama haka kawai. In an ƙyale shi sai ya yi gansakuka, ya yi tsutsa, ya fara wari. Don haka maigida ke kawo wani farin gari a gwangwani, irin wanda suke zubawa a tafkin otel, mu muna ce masa jabel. Warinsa kamar na ɗakin likita. Ya nuna mini yadda ake yi: a ɗiba kaɗan a marfin gwangwanin, a dama a ƙwarya, a bi gefe-gefe ana zubawa, a bar shi ya huce kafin a sha. In ya yi yawa ruwan ba ya shawuwa, in ya yi kaɗan an yi aikin banza. Da hanci nake ganewa. Na iya abin nan sosai, ban taɓa ɓata ruwa ba.

Shekarar da nake magana, sojoji ke mulki nan ƙasarmu, sojoji ke mulki can ƙasar su Kano, damina kuma ta ƙi. Tafkin ko rabi bai kai ba. Gero bai yi kai ba ya bushe a tsaye, maza suka tafi kudu tun kafin lokacinsu, har da nawa. Ga iyaka a rufe, a Ɗan Barto, inda ake tsallakawa, ba shiga ba fita sai ta daji, wanda ya samu ya tsallaka kuma ba ya gangancin dawowa. Ba maigida, ba saƙo, ba sabon gwangwani. Wanda ke hannuna ya kusa gindi.

Rijiyoyin gari sun yi ƙasa, mata na kwana kusa da su saboda layi, a ja guga ya fito da laka. Ni ina da awakina, kuma nononsu ne ke riƙe da yarana, don jar dawar taimako da ake rabawa ba ta zama a cikin ƙaramin yaro in ba a dama da nono ba. Lissafina ɗaya ne: in ruwan nan ya kai mu damina, awaki sun rayu, yara sun sha nono. In bai kai ba, ba mai ja wa akuya ruwa a rijiyar da mutane ke faɗa a kanta.

Ana cikin haka wani ɗan garinmu da ya zo cin kasuwa ya ce mini mahaifiyata na kwance a Tsauni, ba ta ko iya juyawa. Irin wannan tafiyar ba a sa mata ranar dawowa.

Wadda zan bar wa gida ita ce yayar maigida, mijinta ya rasu, tana zaune bayan katangarmu. Mace ce mai kirki, ba ta da mugunta ko ta ƙwayar gero, amma ba ta taɓa yarda da farin garin nan ba. Cewa take abin da ke cinye launin zane ba ya barin hanjin mutum. Na san in na ba ta gwangwanin, ko dai ta ƙi zubawa, ko ta juye shi duka rana guda don ta huta.

Maigida ya taɓa ba ni labarin wani abu mai yawo a kan ruwan otel yana sakin maganin kaɗan-kaɗan. Ban taɓa ganinsa ba, amma na san yadda randa ke tsattsafo. Na ɗauko wata 'yar tukunya sabuwa, na huda ta da basilla wajen wuya, na cuɗa ragowar garin da rairayi mai tsabta na cika ta. Na rufe bakin da wani jan ƙyalle, shi ne ya zo hannuna, na ɗaure da tsirkiyar fata, na yi ƙulli a kan ƙulli don kada ya kwance. Sai na rataye ta da igiya a kusurwar da yara ba sa kai hannu, can ƙarƙashin kwano, ta nutse cikin ruwa. Na sunsuna washegari, na ji daidai. Ba wanda ya koya mini.

Da motar Tsauni ta samu, Yaya na can layin rabon dawa, sojoji ba sa barin wanda ya fita ya koma wurinsa. Na bar mata yara da saƙo wurin maƙwabciya cewa a ja ruwa da safe kawai, a mayar da rufi. Zancen tukunya ban sa shi cikin saƙon ba. Na goya ƙaramin na tafi.

Na daɗe a Tsauni. Mahaifiyata ta tashi, da kyar, ta fara zama tana shan kunu da hannunta, sannan na kamo hanya.

Tun daga zaure na ji warin. Na wuce bayan ɗaki ban ko sauke goyo ba. An kwashe kwano da zana an jingine a katanga, tafkin na buɗe, rana na dukansa. Ruwan ya koma kore shar, ya yi kauri, tsutsotsin sauro na wutsil-wutsil a ciki, ga shi ya ja baya da fiye da taki. Igiyata na nan a kusurwa, an yanke ta da wuƙa.

Yaya ta shigo da fara'arta, ta yi mini sannu da hanya, ta tambayi mai jiki, sannan ta ja ni gefe ta rage murya. Wai wata safiya guga ya sarƙe, ta leƙa, ta ga abin. Tukunya sabuwa, jan ƙyalle, ƙulle-ƙullen fata, a ɓoye cikin ruwan da 'ya'yan ƙanenta ke sha. Ba ta taɓa da hannu ba, da sanda ta ɗauke ta zuwa wurin Malam, mai makarantar allo ta unguwarmu. Malam ma bai buɗe ba, wa ke buɗe irin wannan. Ya sa aka jefa ta a wata matacciyar rijiya kan hanyar Dungu aka bi da ƙasa, ya yi rubutu aka wanke allo aka zuba a tafkin. Buɗe rufin kuma dabararta ce, don rana ta ƙone abin da ya saura. Ta hana yara sha, tana raba musu nata na rijiya. Har ta gane mai aikin, in ji ta, maƙwabciyar nan da na bar wa saƙo, ta ma daina gaishe ta.

Na saurare ta har ta gama. Yayar miji ce, ba a katse ta.

Na ce, "Yaya, ni na rataye tukunyar nan."

Ta dube ni, ta dubi ƙofa ko akwai mai ji. Ta ce, "Ke? A gidanki? To wa kika yi wa?"

Na ce magani ne na ruwa, garin nan ne da rairayi.

Ta dafa kafaɗata. "Ɗiyar nan, in kiranye kika yi wa ƙanena don ya dawo, ai ba abin kunya ba ne. Da kin gaya mini, da tare za mu je, na san wanda ya fi iyawa."

Na sake faɗa mata. Ta ce to, irin to ɗin da ake ce wa yaro.

Na gwada abin da ake gwadawa. Na tace da ƙyalle, na tafasa, amma itace ma ya zama abin nema, kuma ko an tafasa warin na nan. Na zaga kantunan gari ko akwai jabel na kwalba, babu, duk daga kudu yake zuwa. Na mayar da rufi, na bar wa awaki. Suka sha, wasu suka yi zawo, ruwan ya ci gaba da ja har guga ya fara kankarar siminti, sama kuwa ko gajimare babu.

Ranar kasuwa na kora awakin da kaina. Fatake masu bi ta daji zuwa kudu ne kaɗai ke saye, sun kuma san halin da kowa ke ciki. Ban yi ciniki mai tsawo ba, ba na son a ga ina roƙo. Na bar guda ɗaya mai shayarwa.

Ita wannan ɗayar, Yaya ce ta shayar da ita. Kullum da hantsi sai ta shigo da tulu a ka daga rijiya, tsohuwa da ita, ta juye a kasko gaban akuyar, ta tsaya har ta shanye, ta ɗauki tulunta ta fita. Ni na ja na yara, ita ta ja na akuya. Nonon bai isa kowa ba, ƙananan kawai nake ɗiga wa a kunu, manyan suka saba da gaya. Ba ta ƙara tayar da zancen tukunya ba, ni ma ban tayar ba. Maƙwabciyar dai ni na je na ba ta haƙuri, don Yaya ta ce ita ba ta ga abin da ta yi ba.