Ranar da Kaka Yagana ta kayar da resilin

A gidanmu na unguwar Wulari, da zarar an idar da sallar magariba, Kaka Yagana kan tura itace cikin murhu, ta baza gyaɗa a kasko, mu jikoki mu kewaye ta. Hausarta cakuɗe take da Barbarci, amma ba mu taɓa rasa gane inda tatsuniya ta dosa ba. Haka muka taso, har maƙwabcinmu Malam Sani, wani tela Bakano, ya sayo talabijin.

Abin da ya ɗauke mana hankali shi ne kokawar Turawa, wadda muke kira resilin. Ƙatti masu dogon gashi, ana jefa mutum kan igiya yana dawowa. Muna fitowa sai gardama. Yayana Modu ya ce surutunsu ya fi kokawar yawa, a bar cika baki a kama kawai. Ni kuma in ce ai cika bakin ne daɗin. Da Malam Sani ya ƙaro bidiyo da kaset, kullum muna can. Kaka ta koma ita kaɗai a bakin murhu, gyaɗa tana ƙonewa.

Wata rana ta ce mu kai ta ta ga abin da ya sace mata jikoki. Malam Sani ya shimfiɗa mata tabarma a gaba. Ita kuwa 'yar gidan kokawa ce, mahaifinta ya yi suna a garuruwan bakin tafki, inda ko gwiwar mutum ce ta taɓa ƙasa, magana ta ƙare. Ana farawa wani ƙato ya ɗaga abokin karawarsa ya maka da ƙasa. Kaka ta miƙe, ta gyara mayafi.

"Madalla, ya yi ƙoƙari. Ku tashi mu tafi."

"Hajja, ai yanzu aka fara," in ji Malam Sani. "Sai an danne shi an ƙirga uku."

Ta koma ta zauna. Mutumin ya tashi, aka sake kayar da shi, ya sake tashi.

"Wannan ba shi da dangi ne? Ya faɗi a gaban jama'a, ya tashi yana gyara gashi?"

Ɗaki ya kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta kalli wasan har ƙarshe, tana duban fuskokinmu fiye da allon.

Washegari, muna sa takalma za mu fice, sai muka ji muryarta daga bakin murhu: "Ga wata nan tafe, ta 'yan kokawa ce. Mai sauri ya wuce abinsa." Modu ya ce mu tsaya kaɗan mu ji farkonta.

Ta ce an yi wani ɗan kokawa a bakin tafki wanda ƙarfinsa ya zame masa matsala. Kafin makaɗa su gama ɗaure ganga, ya kayar. Mutane su yi doguwar tafiya, suna neman wurin zama a ce an tashi. Mawaƙa ba su yi masa waƙa ba, don ba su ga komai ba balle su faɗa. Da haka fili ya zama wayam. Sai ya ce to, bari ya ja. Ya riƙe abokin karawa tun la'asar har rana ta faɗi, ba ya kayarwa, ba ya saki. Jama'a suka yi hamma suka watse.

Ya je wurin uwarsa yana ƙorafi: ya yi sauri sun gudu, ya ja sun gudu. Nan Kaka ta ƙanƙance murya ta zama tsohuwar: "Tadanyi, ɗana, ba wanda ya taɓa jin tsoro saboda kai. Wa zai bar miyarsa a wuta ya zo kallon abin da ya san ƙarshensa?"

Sai ya aika aka nemo masa wani baƙo daga hayin ruwa, wanda shi ma bai taɓa faɗuwa ba. Gari ya cika. Suka kama, ƙasa tana tashi, ganga ta yi shiru. Baƙon ya shiga ƙarƙashinsa, ya ɗaga shi sama, ƙafafunsa suna lilo.

A nan Kaka ta tsaya. Ta ɗauki ludayi tana juya gyaɗa. Ta bayan katanga muna jin ihun resilin ya fara.

"Ku tafi mana, an fara naku."

Ba wanda ya motsa. Modu, mai cewa ba ya son jan rai, ya matso har yana taka mini ƙafa.

"Kaka, don Allah, ya faɗi?"

"Gyaɗar nan ba ta ji gishiri ba. Falmata, miƙo min," ta ce da ni.

Sai da muka kusa kuka ta sauke shi. Ya faɗi, faɗuwa ta gaske, bayansa a ƙasa. Kuma a ranar ce mawaƙa suka yi masa waƙar farko, jama'a suka raka shi gida suna roƙon a sake karawa. "Na ajiye ta nan," in ji Kaka, "mai ƙarfi ya ɗauka." Daga ranar muka raba mako, resilin ya samu nasa, Kaka ta riƙe mafi yawa, har 'ya'yan Malam Sani suka riƙa tsallakowa.

Aiki ya kai ni ƙasashe bayan haka. A Dakar na ga an shafe yamma guda ana kiɗa da ɗaure layu, kokawar kanta ba ta kai shan kofin shayi ba, kuma ba wanda ya ce an cuce shi. A Turkiyya na ga 'yan kokawa masu shafa mai a jiki sun daɗe a sarƙe, mutane tsaye kan ƙafa. A yare huɗu na ji wannan gardamar ta tsawo da gajarta, kuma na lura ba a yin ta sai a kan wasan da mai kallo bai damu da wanda zai faɗi ba.

Kwanan nan jikana Bana yake min mita a gida a unguwar Maisandari, muna kallon resilin, wai shirin yanzu awa da awanni ne, gara ya kalli guntaye a waya. Yana cikin magana aka danne gwaninsa, alƙalin wasa ya buga ƙasa sau biyu. Na buɗe baki zan ba shi amsa, ya ɗaga min hannu ba tare da ya juyo ba.

"Kaka, tsaya tukuna."

Na tsaya.